Silas Larwood da Takalmi Ƙafa Ɗaya

Jama'a, a gyara zama, a cire huluna, mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama. Zan gabatar muku da babban mai masaukin baƙi na garin Marlby, wanda a shekara arba'in da ɗaya bai taɓa sauke baƙon da ya tashi ya ce ɗakin bai yi masa ba. Ya sauke attajirai, ya sauke mashaya, ya sauke fastoci biyu da ɗan sanda ɗaya, kuma duk cikinsu babu wanda ya nemi a sauya masa maƙwabci. Sunansa Silas Larwood, mai haƙar kabari a cocinmu. Wan mahaifiyata ne, ko da yake in ka tambaye shi zai ce wannan ba laifinsa ba ne.

Ni kuma Wilf Bunn nake. Makaranta ta gaji da ni ina ɗan shekara goma sha uku, don haka in kun ga rubutun nan yana tangaɗi ku yi haƙuri da shi. Da yaƙi ya zo, likitan soja ya kara kunne a ƙirjina, ya ce yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, ya ce in koma gida in huta. Na yi aiki wurin mahauci, na yi a gidan waya, na yi a sinima, babu inda na cika wata huɗu. Mista Catchpole mai gwanjon shanu ne kaɗai ya gano cewa bakina yana da amfani. Shi yana riƙe guduma, ni ina tsayawa kusa da saniya in yi ta yabonta har ita kanta ta fara yarda.

Kawu Silas dogo ne, siriri, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka saboda shebur. Ba ya fara kallon mutum daga fuska. Daga ƙafa yake farawa ya hau sannu a hankali har kai, kuma kowa a Marlby ya san abin da yake aunawa, shi ya sa tsofaffin mata ke tsallaka titi in sun hango shi. Abincinsa burodi ne da ɗanyar albasa da shayi mai sanyi a kwalba. Matarsa, Goggo Lottie, ta rasu kafin yaƙin nan, shi ya haƙa mata da hannunsa, ya bar wa kansa wuri a gefenta. A yaƙin farko yana Faransa, cikin masu kwasar gawa bayan an gama harbe-harbe. Bai taɓa ba kowa labarin abin da ya kwasa ba. Abu ɗaya kawai ya dawo da shi daga can, wata ƙa'ida: ba a sa mutum a ƙasa sai da kayansa cif.

Ya taɓa tsayar da jana'izar tsoho Dack har awa guda, fasto na tsaye da littafi a cikin yayyafi, sai da aka koma gida aka ɗauko haƙoran roba da aka manta a kofi. Mai ƙafar katako ya tafi da ƙafarsa, mai tabarau da tabaransa. Na taɓa tambayarsa, na ce, "Kawu, wai me za su tauna a can?"

Ya ce, "Ba don su nake yi ba."

"To don wa?"

"Don kada su dawo nema."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai yi ba, amma ai dama ba ya yi.

A kakar 1942 wani jirgin Jamus ya faɗo a gonar dankalin wani manomi mai suna Gotts. Mutum uku suka fito da ransu, soja suka tafi da su. Na huɗun sai bayan kwana biyu aka gan shi kife a magudanar ruwan da ke gefen gonar. Yaro ne, gemunsa bai gama fitowa ba. Aka ce a binne shi a kusurwar arewa ta makabarta, inda ake sa waɗanda teku ta jefo ba a san danginsu ba. Mutum huɗu ne a jana'izar: fasto, wani sajan, direban sajan, da Kawu.

Da Kawu ya ɗaga bargon don ya duba, kamar yadda ya saba, sai ya ga takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayar ƙafar safa ce mai ruwan toka, an ɗinke dunduniyarta da zaren da ba kalarta ba, irin ɗinkin gida. Ya ce a dakata masa zuwa gobe. Sajan ya ce yana da wasu wurare uku kafin yamma, kuma ba zai kwana a Marlby saboda takalmin Bajamushe ba. Kawu ya rufe ramin. Shi ne karo na farko da ya karya ƙa'idarsa.

Kwana uku yana bin kunyoyin gonar Gotts da sanda, yana tono cikin laka. Bai samu ba.

A watan Janairu mahaifiyata ta aike ni in kai masa miya. Da la'asar ce, hazo ya kwanta a kan kaburbura. Na same shi tsaye a bakin rumfar da yake ajiye kayan aiki, ya riƙe tsintsiya bai share komai ba.

Ya ce, "Wilf, rufe bakinka minti ɗaya, in za ka iya."

"Ban taɓa gwadawa ba, Kawu."

"Gwada."

Na yi shiru. Ruwa na ɗiga daga rassan itatuwa. Can nesa wata motar soja ta wuce.

"Kana ji?"

"Ina jin miyar nan tana hucewa."

"A kan tsakuwa. Taku ɗaya da ƙara, ɗaya babu. Daga kusurwar can yake tasowa, ya zo har ƙofar shiga, ya tsaya, ya koma." Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin inda rufi yake yoyo. "Ba kullum ba. In an yi ruwa ya fi yi. Ba ya damun kowa. Tsakuwar nan dai tana da kaifi, ga sanyi."

Na ce masa tsuntsu ne ke tonon tsutsa. Ya ce wataƙila. Na ce ko ya fara ƙara wa shayin nan nasa wani abu. Ya karɓi miyar, ya ce in gaida mahaifiyata. Ni kaɗai ya gaya wa maganar nan a duk Marlby. Ku riƙe wannan, don nan ne nawa laifin yake.

Da bazara ta shigo, garmar Gotts ta tono takalmin a can ƙarshen gona. Dogon takalmi ne baƙi, mai zif a gefe, da gashin tunkiya a ciki. Da a ce Kawu ya fara ji, da labarin nan ya ƙare a nan, da ku ma kun huta. Amma a lokacin ne ake shirin makon tara kuɗin sayen jiragen yaƙi, an kafa dogon allo a gaban ɗakin taro mai nuna inda muka kai, kuma garin Hadden da ke kusa da mu ya riga ya wuce mu nesa. Gotts ya wanke takalmin a famfo ya kai wa Misis Fairweather, matar likita, shugabar kwamiti, don a sa shi a gwanjo.

Kawu ya sa rigarsa ta Lahadi ya tafi gidanta. Ni na raka shi har ƙofa, na jira a waje. Ya yi kusan rabin awa. Da ya fito na ce, "Ta ba ka?"

"Mun yi maganar ruwan sama."

"Sai me?"

"Sai shingen bayan coci. Ta ce yana son aski."

"Takalmin fa, Kawu?"

"Na ce mata na ji an samu wani takalmi. Ta ce ai shi ne zai fi komai jan mutane." Ya gyara hularsa. "Ta ce ko zan taimaka da jera kujeru ranar Asabar."

"Ka ce me?"

"Na ce to."

Kawu bai taɓa zuwa irin wannan gwanjon ba. In ban da jana'iza ba ya zuwa taro, yakan ce ya fi gane wa taron da mutum ɗaya a ciki ya yi shiru. Abin da ya sani shi ne, wanda ya fi tayi shi ke tafiya da kaya, kamar a kasuwar shanu. Kuma haka ne, da ɗan bambanci. Tayin da ka yi ba kuɗin kaya ba ne, alkawari ne cewa za ka sayi takardun rancen yaƙi na wannan adadin. Sannan akwai ɗayar al'adar, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba: in ka ci, a miƙa maka kayan, ka ɗaga sama, a tafa maka, ka mayar a sake sa shi a gwanjo. Ta haka hular ƙarfe ɗaya takan sayu sau goma a yini guda. Ni na san wannan. Ban gaya masa ba, don ban taɓa kawowa a raina cewa zai taya ba.

Ranar Asabar ɗakin taro ya cika har tagogi suna gumi. Muka sayar da gutsuren bam, da igiyar laima ta saukar soja, da wata hula da aka ce ta hafsan jirgin ruwa ce, ko da yake ni na fi zargin ta mai kai wasiƙu ce. Mista Catchpole ya raɗa mini, "Sun fara hamma, Wilf. Fito da takalmin, ka sa masa gishiri."

Na ɗaga shi sama. Na ce, "'Yan uwa, wannan ba irin takalmin da ake ajiyewa ƙarƙashin gado ya kwana inda aka bar shi ba ne." Aka ɗan yi dariya. Ina jin dariya sai kaina ya ɗauki zafi, haka nake tun ina ƙarami. Na ce, "Ɗan'uwansa yana nan kwance a bayan coci, kuma ba ya barci. Kullum in an yi ruwa sai ya tashi neman wannan. Taku ɗaya da ƙara, ɗaya babu!" Na taka a kan dandamali, ƙafa ɗaya da ƙarfi, ɗaya a saɗaɗe. Ɗakin ya kece. "In ba ku yarda ba ku tambayi kawuna, ga shi can baya, shi ke buɗe masa ƙofa!"

Kowa ya juya ya kalle shi. Yana tsaye jikin bango, hula a hannu. Wani ya ce, "Silas, ka ce masa ya zo ya taya da kansa!" Mahauci Howlett ya ce, "Da kuɗin Jamus? Ba ma karɓa!" Kawu bai kalli kowa ba. Takalmin yake kallo.

Aka fara daga fam biyu. Howlett ya ce uku. Likita ya ce biyar. Sai na ga wani dogon yatsa ya tashi daga can baya. Mista Catchpole ya kalle ni, ya sake kallon yatsan, ya ce, "Shida, daga Mista Larwood." Mutane suka ɗauka cikin wasan ne, sai suka yi ta tura shi gaba don su ga inda zai tsaya. Yatsan ya yi ta tashi. A fam goma sha huɗu guduma ta sauka. Na san inda fam goma sha huɗun nan yake: a gwangwanin koko a kan kantarsa, kuɗin akwatin gawarsa na katako mai kyau, wanda ya ce ba zai yarda a sa shi a na gwamnati ba.

Ya tako zuwa gaba sannu a hankali. Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya zura hannunsa ɗaya a ciki har ƙasa, ya shafa gashin, kamar mai duba ko ya bushe. Sai ya juya zai tafi.

Tafi ya tashi. Aka fara, "A sake! A sake!" ana buga ƙafa a ƙasa. Misis Fairweather ta taso fuskarta na walƙiya, ta tare shi, ta ce, "Mista Larwood, yau ka kunyata mu duka. Wa ya san kana da irin wannan zuciya?" Ta miƙa hannu. Kawu ya dube ta, ya dubi mutanen, sannan ya dube ni. Daga fuska ya fara, ran nan kaɗai.

Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai. Amma mutum ɗari biyu suna tafi, Mista Catchpole ya ɗaga guduma yana jira, sai na ga hannuna ya riga ya kama wuyan takalmin. Kawu ya riƙe kamar numfashi biyu. Na ji ƙarfin riƙon. Sannan ya ce, "Ba komai," ya saki.

An sake sayar da shi sau bakwai kafin a tashi. Kawu ya koma jikin bangonsa ya tsaya har ƙarshe, don shi zai kwashe kujeru. A karo na biyar na hango shi yana tafi tare da mutane, a hankali, hularsa a hammata.

Ranar Litinin na je makabarta. Yana yankan ciyawa a kusurwar arewa. An yi ruwa da safe.

Na ce, "Kawu, don me ba ka ce naka ne ba? Kai ka ci shi. Babu dokar da ta ce sai ka mayar."

"A gaban mutane?"

"To da a gaban wa?"

"Ana tafi," in ji shi, ya ci gaba da yanka.

Na tsaya ina neman wata maganar ban dariya. Ina wannan tsayuwar na ji tsakuwa ta yi ƙara a bayana, sau ɗaya, kamar an ɗora mata nauyi. Na jira na biyu. Sai da na ƙirga huɗu a raina ta sake yi, kusa da na farko. Ban waiwaya ba. Kawu bai ɗago ba, amma laujen ya tsaya a hannunsa.

Na ce, "Tsuntsu ne."

Ya ce, "Wataƙila."

"Zan dawo maka da shi, Kawu. Ka ba ni sati biyu."

"Ka yi a hankali da keken nan, birkinsa ba shi da kyau."

Ga dabarar da na shirya. Wanda ya ci takalmin a karo na ƙarshe ya bar wa kwamiti, kwamiti kuma ya ara wa Hadden don nasu gwanjon, saboda labarinsa ya riga ya kai can. Suka ce a zo musu da takalmin da kuma mai bakin. Na san in an gama, kaya kan koma akwati a ƙarƙashin dandamali, kowa ya tafi shan shayi. Rigata tana da faɗi. Abin da ya rage kawai in yi tallarsa lami, ba gishiri, a sayar da shi sau biyu ko uku a manta da shi.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na ɗaga shi na ce, "Takalmi, fata, ƙafa ɗaya, an ɗan sa shi." Sai wata mata daga gaba ta ce, "Kai, yi mana tafiyar!" Wasu suka kama, "Tafiyar! Tafiyar!" Ɗakin Hadden ya ninka namu uku, har da bene, kuma ban taɓa tsayawa gaban mutane masu yawa haka ba. Na yi musu tafiyar. Na ƙara da nishi, wanda babu shi a Marlby.

A layin baya akwai Amurkawa daga sansanin jirage, suna taunar cingam. Ɗaya daga cikinsu, dogo mai jajayen kunnuwa, ya yi dariya har yana dukan kafaɗar na kusa da shi. Da aka kai fam ashirin sai ya ɗaga hannu ya ce arba'in, ɗakin ya yi tsit, guduma ta sauka. Ya zo da fara'arsa, ya karɓi takalmin, ya matse mini hannu har ƙashi ya yi ƙara. Aka fara, "A sake! A sake!" Ya juya ya ɗaga musu hannu, ya rusuna kamar ɗan wasa, ya saƙale takalmin a hammata, ya bi tsakiyar ɗakin ya fice. Shi a ganinsa yabonsa ake yi.

Ba wanda ya tare shi. Baƙo ne, ga shi ya zo taya mu yaƙi, wa zai bi shi ya ce ba haka ake yi ba? Tafin ya yi ta raguwa har ya mutu. Shugaban kwamitin Hadden ya yi tari, ya ce, "Abu na gaba." Ni kuwa ina tsaye a dandamali baki buɗe da murmushi, na kalli abin da Kawu ya kasa yi an yi shi cikin daƙiƙa goma, da cingam a baki.

Na samu sunansa wurin yarinyar da ke rubuta alkawuran: Sajan Novotny. Da na tafi washegari da na same shi. Amma washegari Lahadi ce, Litinin akwai kasuwar shanu, Talata kuma wasu mutanen Hadden suka tare ni a gidan giya suna saya mini don in sake yi musu tafiyar. Sai ranar Juma'a na hau keke na yi mil goma sha ɗaya zuwa sansanin.

Mai gadi bai bar ni na shiga ba, ya aika a kira wani. Wanda ya fito gajere ne, idanunsa sun yi ja. Na ce Sajan Novotny nake nema.

"Kai wane ne nasa?"

"Ba kowa. Wani takalmi ne ya saya a Hadden, ina so mu yi magana."

Ya ƙura mini ido. "Kai ne mai barkwancin nan."

"Ni ne, sai dai yau na baro shi a gida."

"Sun tashi Laraba," ya ce. "Su goma ne a jirgin, aka harbo shi. Ba wanda ya ga laimar sauka ta buɗe."

Na cire hula, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Sannan na ce, da kunya, "Takalmin fa?"

"Ni na haɗa kayansa. Na sa shi a akwatin. Ƙaninsa ya saya wa, ya ce yaron zai yi hauka in ya gani." Ya ciro sigari ya kunna. "A ƙarƙashin gadonsa ya ajiye shi. Muna ta tsokanarsa, mu ce mun ji ya motsa. Bayan Laraba ba wanda ya so a bar shi a ɗakin. Akwatin ya tafi jiya da safe, yana hanyar gidan uwarsa."

"Ba yadda za a yi a tsayar da shi?"

"Aboki, ka san akwati nawa suka tafi jiya?" Ya tura mini kwalin sigarin gaba ɗaya a aljihu, ya juya ya koma ciki.

Na turo keken da ƙafa kusan mil biyu ban hau ba. Ina ta ganin wata mata da ban sani ba, a wani gari da ban san sunansa ba, ta buɗe akwati tana ciro riguna da reza da wasiƙunta da ta rubuta, sai ta ciro takalmi ƙafa ɗaya wanda ba na ɗanta ba. Za ta rasa inda za ta sa shi. Ba za ta iya jefarwa ba, tunda daga wurinsa ya zo. Na kuma yi tunanin shi Novotny, ko a teku yake, ko a gonar wani, ko can ma suna da wani dogon tsoho mai ɗaga bargo ya duba.

Kusa da tashar jirgin ƙasa ta Hadden akwai filin da ake tara karyayyun jirage, namu da nasu, kafin a kai su a narke. Mai gadin wurin tsoho ne mai son taba. Kwalin sigarin ya buɗe mini wata rumfa a baya, inda ake zuba abin da ba ƙarfe ba: bel, safar hannu, tsumman kujeru, da takalma, sun fi goma, a jibge a lungu. Wurin yana warin mai da ƙonanniyar roba da wani abu da ban tsaya tantancewa ba. Na ce wa kaina na ɗaga takalmin nan gaban jama'a ya fi sau ashirin, babu wanda ya san shi kamar ni. Na zaɓi wanda ya yi daidai: baƙi, mai zif, da gashin tunkiya. A hanya na tsaya a magudanar Gotts na goga masa laka, na bari ta sha iska, na kakkaɓe.

Na iso makabarta rana ta yi ƙasa. Kawu yana cikin wani sabon rami har ƙugu, na wata tsohuwa da za a binne washegari. Na jingine keken, na tsaya a bakin ramin, na riƙe takalmin a bayana.

"Kawu, fito ka gaida jarumi. Mil ashirin da biyu a keke marar birki. Na wuce masu gadi uku da kare. Na shiga har ofishin babban hafsansu, yana cin nama kamar girman hular nan taka, na ce masa ba inda zan je sai da abin da na zo nema. Ya ce a duk Amurka bai taɓa ganin mai taurin kai irina ba, har ya so ya ba ni jirgi in tuƙa, na ce ina sauri." Na fito da takalmin na ɗaga. "Ga shi. Ka kai masa, ya kwanta ya huta, kai ma ka huta."

Ya kafe shebur a ƙasa. Ya hau ɗan tsaninsa ya fito, ya goge hannayensa a wando, gaba da baya. Ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi ya dubi ƙasansa, bai ko zura hannu a ciki ba. Sai ya miƙo mini.

"Na hagu ne wannan," ya ce. "Na hagun yana ƙafarsa. Je ka mayar wa mai shi."